Jirgi Zai Tashi Babu Salomé

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo cewa Doña Amparo muguwar tsohuwa ce, da masu cewa a ƙyale ta tsufa ne ke damunta, duk na ga naku, ban kuma ba kowa amsa ba. Ku karanta wannan shafin tukuna, sai kowa ya sake auna maganarsa.

*

Nidia ba ta tsaya jiran lifta ba. Matattakala ta bi da gudu, yashin bakin teku na cizonta a cikin takalmi, rigar wankan da ke ƙarƙashin doguwar rigarta ko bushewa ba ta yi ba.

Hoton da aka nuna mata a ofishin tsaro ya ƙi barin idonta. Mahaifinta ne, Don Evaristo, cikin farar rigar da yake zuwa coci da ita, da malafarsa a ka. A kafaɗarsa ga Salomé, 'yarta mai wata goma, ta cusa yatsa a baki. Ya miƙa katin shiga da fita guda biyu, nasa da na yarinyar, ya ɗaga wa ma'aikacin ƙofa malafa, ya sauka daga jirgin ruwan da suke yawon hutu a ciki ya shige cikin garin Willemstad na tsibirin Curaçao.

Tun kafin rana ta yi tsaka ke nan. Yanzu kuwa inuwa har ta miƙe.

Ita a lokacin tana can bakin teku ita da ƙaninta Wilmer, karo na farko da ta yarda ta rabu da Salomé tun da ta haife ta. Da safe mahaifiyarta, Doña Amparo, ce ta matsa mata. "Je ki huta, ni da babanki mun ishe ta." Da suka dawo kuma, mahaifiyar ta ce shi da Salomé suna bene na sama, yana zagayawa da ita. Sai da Nidia ta karaɗe jirgin kaf, daga wurin ninkaya zuwa ɗakin cin abinci zuwa wurin wasan yara, kafin Bodden, jami'ar tsaron jirgin, ta zaunar da ita ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Señora, an sanar da 'yan sandan tsibirin," Bodden ta ce mata. "Ƙaninki ya fita tare da wakilinmu na tasha. Amma ƙarfe biyar za a kwance igiya. Zan roƙi kyaftin ya ɗan jinkirta, sai dai ban yi miki alkawari ba. Je ki ɗauko fasfo ɗinku."

Fasfo ɗin duka suna ɗakin iyayenta.

A doguwar barandar ɗakunan ta ci karo da wani ƙaton mutum, fatarsa ta yi jajir da rana, riƙe da kofi mai 'yar laima a kai. Ya kauce yana dariya, yana tambayarta ko gobara ce. Daga sama ana jiyo kiɗan salsa da muryar mai gabatarwa yana kiran ma'aurata su fito gasar rawa.

Ta tura ƙofar.

Ɗakin ba shi da taga, dare da rana duk ɗaya ne a cikinsa. Mai gyaran ɗaki ya naɗe tawul ya yi siffar giwa ya ajiye a tsakiyar gado. Kusa da giwar, Doña Amparo ce zaune, takalmi a ƙafa, carbi a hannu, amma leɓenta ba ya motsi.

"An gan su?"

"An gan su," in ji Nidia. "A kwamfuta. Tun da rana ya fita da ita."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Mama, kin ce mini suna sama."

"Na yi zaton zai dawo."

"Kin ce suna sama. Kina kallona na hau, na sauka, na sake hawa. Kin san ba sa cikin jirgin nan?"

"Na ce na yi zaton zai dawo kafin ku iso."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Na sani."

Nidia ta durƙusa gaban 'yar akwatin ƙarfen da ke cikin kabad. Ta danna lambobin ba daidai ba, akwatin ta yi ƙara ta ƙi buɗewa. Ta sake, ta sake ƙi.

"Baba ba yaro ba ne," ta faɗa ba tare da ta juyo ba. "Ya san ƙarfe nawa jirgi ke tashi. Ya san ba ta iya wuni ba nono. Ya fita ba waya, ba kwalbarta, ba ko ƙyalle. Wane irin yawo ne wannan?"

Tsohuwar ta kawar da kai.

"Da ke nake, Mama."

Doña Amparo ta sa hannu a jakarta ta fito da gwangwanin alewa, wanda kullum take buɗewa a teburin abinci ta ba mijinta ƙwaya biyu. Ta ajiye shi a kan gado.

"Wannan ba maganin hawan jini ba ne."

Nidia ta juyo.

"Na mene ne?"

"Na mantuwa."

"Wace irin mantuwa?"

"Irin wadda ba a warkewa. Tun bara likita ya gaya mana can gida a Barranquilla."

Nidia ta tsaya a durƙushe. Abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya. Daren jiya da ya kira mai kawo abinci da sunan ƙaninsa da ya rasu tun tana ƙarama, aka yi dariya. Yadda duk tambayar da aka yi masa, kafin ya buɗe baki Mama ta amsa, har Wilmer ke tsokanarsu yana cewa, "Baba ya yi ritaya daga magana, ya ɗauki kakaki." Yadda ya tsaya a gaban lifta shekaranjiya yana kallon maɓallai kamar bai taɓa ganin irinsu ba, shi da ya yi rayuwarsa cikin injuna.

"Tun bara."

"Ranar da muka fito daga wurin likita ya kama hannuna a bakin titi. Ya ce, Amparo, kada ki gaya wa yara. Ba na so su riƙa yi mini magana kamar jariri."

"Shi ya roƙe ki, shi da ba shi da lafiya. Ke mai lafiyar fa? Kin san haka kika bar masa 'yata?"

"Ban bar masa ba."

"To aljani ne ya miƙa masa ita?"

"Ki tauna maganarki, Nidia. Har yanzu ni ce babba a ɗakin nan."

"Ki bar girma a gefe ki ba ni amsa."

Tsohuwar ta dubi gefen gadon da yarinyar ta kwanta.

"Ta yi barci, shi ma ya kwanta. Na ce bari in hau in ɗebo masa abinci, tun safe bai ci komai ba. Layin ya yi tsawo, kin san yadda mutanen nan suke yi in an fito da kifi. Da na dawo gado wayam. Na duba ko'ina. Ban kawo cewa zai iya fita ba, don na ɓoye katinsa. A cikin littafin addu'ata na sa shi, ƙasan jaka. Ban san yadda aka yi ya gano ba."

Nidia ta miƙe a hankali.

"Kin ɓoye katinsa."

"Eh."

"Jiya a tsibirin Aruba katin yana wuyansa. Da shi ya fita, da shi ya dawo. Kin bar shi ma ya je sayen rigar ruwa shi kaɗai. Me ya sa sai yau kika ɓoye?"

Doña Amparo ta koma jan carbi.

"Ranar da na kawo muku tikitin tafiyar nan," Nidia ta ci gaba, "na ce kyautar cikar aurenku ce. Baba ya yi ta murna. Ke kika karɓi takardar, kika karanta sunayen garuruwan, kika ce in canza. Na ce me ya sa, kika ce ba kya son teku. Ke da aka haifa a bakin teku. Yau da safe kowa na shirin sauka, kika ce ƙafarki na ciwo. Mama, me ke cikin Curaçao?"

Lasifikar da ke rufin ɗakin ta yi ƙara, kiɗa ya yanke. Muryar wata mace ta fito, mai laushi kamar tana tallar turare.

"Ana neman baƙinmu Evaristo Polanco, Wilmer Polanco, da Salomé Arrieta. Don Allah su tuntuɓi teburin karɓar baƙi a bene na biyar."

Ta maimaita da wani harshen, kiɗa ya dawo.

Jin sunan 'yarta a bakin lasifika ya sa Nidia ta ɗaga kai. Nono ya cika mata tun ɗazu, yanzu ya fara tsatstsafowa yana jiƙa rigarta. Ta dafe wurin da hannu.

"Kin ji ko? Yarinyar da na yi shekaru ina bin asibitoci kafin Allah ya ba ni. Ke kika riƙa raka ni. In kin san wani abu kika yi shiru har jirgin nan ya tashi, wallahi ba zan sake kiranki da sunan da nake kiranki ba."

Tsohuwar ta ɗago. Idonta ba hawaye, ya dai yi ja.

"Ba ɓata ya yi ba. Ya san inda za shi."

"Ina?"

"Otrobanda. Unguwar da ke bayan tashar nan."

"Wurin wa?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya." Ta ajiye carbin a cinyarta. "Kin san ya yi aiki a nan yana saurayi."

"Walda, a wurin gyaran jirage. Kowa ya sani. Mun ji labarin har mun gaji."

"Ba saurayi ba ne. Da aurenmu ya zo. Ni ina gida wurin uwarsa, shi yana nan, sai Kirsimeti yake leƙowa. Ciki uku na yi, duk suka zube. Uwarsa ta daina gaishe ni da safe."

"Mama, lokaci."

"Wata rana da damina sai ga shi ba sanarwa. Ba ta jirgin sama ya zo ba, kwale-kwalen masu kai ayaba ya biyo. Ya shigo riƙe da kwando. Na ɗauka tsaraba ce. Na buɗe, na ga jaririya."

Nidia ta zuba mata ido.

"Ya durƙusa a tsakar gida. Ya ce tasa ce. Ya ce uwar sunanta Ludwina, tana sayar da abinci a ƙofar wurin aikinsu. Haihuwar ta taɓa mata kai, an kwantar da ita a asibiti, ba ta da kowa sai wata kaka da ba ta gani. Ya ce, Amparo, ki zage ni, ki dake ni, amma ki riƙe mini ita wata uku. Da uwar ta warke zan mayar."

"Kika karɓa."

"Kwana biyu ban taɓa ta ba. Uwarsa ce ke ba ta ruwan shinkafa da cokali. A na uku ta yi kuka har muryarta ta dushe, ba kowa a gidan sai ni. Na ɗauke ta."

"Sai aka yi yaya? Ina yarinyar?"

"Wata uku ya zama shekara. Matar ta warke. Ta aiko da saƙo ta bakin masu kwale-kwale, a kawo mata 'yarta. Ta sake aikowa. A lokacin kin fara tafiya, kina kama bakin siket ɗina duk inda na nufa, ko banɗaki na shiga sai kin zauna a bakin ƙofa kina..."

"Wa ya fara tafiya?"

Doña Amparo ta ɗauki carbin daga cinyarta.

"Mama. Wa ya fara tafiya?"

"Ke."

Injin jirgin, wanda ya yi lamo tun safe, ya motsa can ƙasa. Kofunan da ke kan tebur suka fara kaɗawa a hankali. Nidia ta ji girgizar ta shigo ta tafin ƙafarta. Ta nemi bango ta jingina.

"Ƙarya kike."

"Da ma ƙarya ce."

"Akwai hotonki da ciki. A falo yake, kusa da agogo."

"Cikin Wilmer ne. Ba ki taɓa tambaya ba, ni kuma ban taɓa gyara miki ba."

"To Wilmer naki ne."

"Wilmer na haifa. Amma ke kika fara ce mini Mama. Kafin ke ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Nidia ta rufe ido. Ta so ta yi kuka, ta so ta yi ihu, amma ba wurin ko ɗaya a ƙirjinta. Salomé ta cike ko'ina.

"Ta aiko a kai mata 'yarta," ta faɗa, muryarta a bushe. "Sai kika yi me?"

"Ya haɗa kayanki a jaka. Na tsaya a bakin ƙofa da wuƙar yanka kifi. Na ce masa, Evaristo, in ka fita da ita, ka dawo ka binne ni. Ya san ba wasa nake ba."

"Sai ya fasa."

"Ya tafi shi kaɗai. Na gaya masa abin da zai faɗa."

"Me?"

"Zazzaɓi. A shekarar yara da yawa sun mutu a unguwarmu, ba wanda zai yi musu."

"Kika sa ya ce mata na mutu."

"Eh."

"Matar da ta fito daga asibitin masu taɓin kai. Kika aika mata cewa 'yarta ta mutu."

"Eh. Ya dawo bai yi mini magana ba har Ista ta wuce. Ya bar aikin, bai sake taka tsibirin nan ba. Ba mu kuma sake ambaton sunanta a gida ba, sai da ciwon nan ya zo." Ta goge bakinta da bayan hannu. "Ciwon nan na kusa yake ci, ya bar na nesa. Bai san abin da ya karya da shi yau ba. Ya manta wuƙar, ya manta ƙaryar da na sa shi. Abin da ya rage masa alkawarin wata uku. Tun ranar da kika haihu, duk sanda ya ɗauki Salomé sai ya bi ni kicin ya ce, Amparo, lokaci ya yi fa, ya kamata a mayar wa Ludwina 'yarta. In ce masa gobe. Kullum gobe. Yau da safe ya hau sama, ya hango gidajen can masu launi-launi, ya ce mini, ashe mun iso."

"Ya ɗauka Salomé ni ce."

"Kamarku ɗaya. Har yadda take cusa yatsa a baki."

Nidia ta koma gaban akwatin ƙarfen. Wannan karon ta danna lambobin daidai. Ta buɗe, ta zaro fasfo ɗinta da na Salomé da na Wilmer da na mahaifinta, ta bar ɗaya a ciki. Ta ɗauki jakar yarinyar ta cusa kwalba da ƙyallaye da ɗan bargo.

Wayarta ta yi ƙara. Wilmer ne, yana haki, hayaniyar motoci a bayansa.

"Yaya, mun duba kasuwar kwale-kwale, mun tsallaka gada mun dawo. Wata mai sayar da ruwan lemo ta ce ta ga tsoho da malafa, jaririya na ta kuka a hannunsa. Wai ya tambaye ta wani shagon burodi da aka rushe tun kafin a haife ta. Yaya, me ke damun Baba?"

"Ku dawo Otrobanda. Ku bi gida-gida ku tambayi wata Ludwina." Ta dubi tsohuwar. "Ludwina me?"

"Martina."

"Ludwina Martina. Tsohuwa ce yanzu. Ta taɓa sayar da abinci a wurin gyaran jirage."

"Wace ce kuma Ludwina?"

"Ka tambaya kawai."

"Mama na kusa? Ba ni ita."

"Ga ni nan fitowa."

Ta kashe wayar ta rataya jakar.

"Nidia," in ji Doña Amparo. Ta yunƙura za ta tashi. "Nidia, tsaya."

Ƙofar ta rufe kanta a bayanta.

*

Ƙasan jirgin, inda ake shiga da fita, ya cika da na ƙarshen dawowa. Mata da jakunkunan tsaraba, maza da kwalaben giya mai shuɗin launi, yara sun yi barci a kafaɗa. Kowa na turawa ciki, ita kaɗai ke turawa waje. Wata mata ta ja tsaki da jakar Nidia ta bugi 'yarta. Nidia ta tsaya kallon yarinyar, mai kitso biyu, bakinta duk ruwan alewa, har sai da uwar ta janye ta.

Bodden na tsaye a bakin gadar hawa jirgin, rediyo a hannu.

"Kyaftin ya ƙara kaɗan," ta ce. "Kaɗan fa. Akwai iska a mashigar, in ta ƙaru ba za mu iya fita ba sai gobe, ga mutum dubbai a ciki. In kika taka waje..."

"Na sani."

"Gobe wuni za mu yi a teku. Sai tashar Colón, can wata ƙasa, za mu sake tsayawa."

"Ku je duk inda za ku."

Bodden ta dube ta, ta dubi jiƙaƙƙen gaban rigarta. Ta rage murya.

"Yarana biyu suna can garinmu, Roatán, wurin mahaifiyata. Da ni ce da tuni ina waje." Ta karɓi katin Nidia ta goga a na'ura. "Wakilinmu zai nema muku masauki. Kayanku za mu haɗa. Mahaifiyarki fa, za ta zauna ko za ta sauka?"

Nidia ta karɓi katinta ta taka gadar.

Ƙahon jirgin ya busa. Ƙarar ta ratsa ƙarfe ta ratsa ƙashi, tsuntsaye suka watse daga kan turakun tasha. A ƙasa ma'aikata sun naɗe rumfar da ake raba ruwan sanyi, wasu sun tsaya kusa da manyan igiyoyi suna jiran umarni.

A sama kuwa, barandun ɗakuna sun cika maƙil. Wannan ne abin kallon kowace yamma: a tsaya da kofi a hannu a ga wanda zai makara. Wasu samari biyu suka ɓullo daga ƙofar tasha a guje, ɗaya takalminsa a hannu. Jirgin gaba ɗaya ya ɗauki sowa da tafi da fito. Suka wuce Nidia a kan gada suna dariya suna haki, warin giya na binsu.

Sai sowar ta sake tashi, ta fi ta farko.

"Ga wani can!"

"Kaka, ɗaga ƙafa!"

"Ku bar shi, shi ne mai jirgin!"

Nidia ta kai dubanta ƙarshen doguwar tashar.

Farar riga. Malafa.

Tafe yake a natse, irin tafiyarsa ta dawowa daga coci, yana ɗaga wa masu tafi hannu. Hannu ɗaya ya ɗaga. Ta zuba wa ɗayan ido.

Yana lilo a gefensa.

Ba ta san lokacin da ta sauka daga gadar ba. Jakar na dukan bayanta, takalmi ɗaya ya fice ta bar shi. Masu baranda suka ɗauka wani sabon wasa ne, suka ƙara tafi.

"Baba."

Ya tsaya. Zufa ta jiƙe masa riga, a kafaɗarsa ta hagu ga tabon tumbuɗin jariri ya bushe. Fuskarsa kuwa sakayau, irin wadda ta daɗe ba ta gani ba. Kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Baba, ina Salomé?"

Ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"Sannu, Señora. Wannan ne jirgin da ke zuwa Barranquilla?"

"Baba, ni ce. Nidia ce. Ina yarinyar da ka fita da ita?"

"Nidia," ya maimaita, ya yi murmushi. "Kin san ta ashe. Ta sha kuka a hanya, yunwa ce. Garin ya canza, duk sun rushe wuraren da na sani. Amma na samu gidan."

Ta kama gaban rigarsa da hannu biyu.

"Ka samu gidan. To tana ina?"

"Na mayar da ita wurin uwarta. Alkawari na yi, wata uku. Na ɗan makara, amma Ludwina ba ta yi faɗa ba. Tana zaune a bakin ƙofa. Na miƙa mata, ta karɓa, ta shige ciki."

"Wane gida? Nuna mini."

"Mai shuɗiyar ƙofa." Ya juya ya miƙa hannu wajen garin, inda gidaje suka hau kan juna har saman tudu, rawaya da ja da kore da shuɗi. Hannun ya tsaya a iska, ya karkata dama, ya dawo hagu. Murmushin ya fara gushewa. "Ko koriya ce..."

"Baba, ka tuna. Don Allah ka tuna. Layin fa? Akwai coci kusa? Akwai shago?"

"Señora, kina ja mini riga."

Ta sake shi. Ta zaro waya tana neman lambar Wilmer, tana faɗa wa kanta cewa ba komai, akwai suna, akwai unguwa, tsohuwa ɗaya ce mai suna Ludwina Martina, wani zai san ƙofarta.

Hannu ya dafa wayar.

Doña Amparo ce. Ta sauko gadar ita kaɗai, ba jaka, ba fasfo, numfashinta na fita da ƙyar. Bayanta Bodden na ɗaga rediyo tana kiran, "Señora, za mu janye gada."

"Abin da na ce ki tsaya in gaya miki ke nan," tsohuwar ta ce.

"Sakar mini waya."

"Ba za su samu gidan ba."

"Me ya sa?"

"Ludwina ta rasu, Nidia. Masu kwale-kwale suka kawo labarin. Kina 'yar makaranta aka binne ta."

Nidia ta dubi mahaifinta. Ya mayar da malafarsa ka, yana kallon jirgin yana gyaɗa kai, kamar mai yaba aikin walda.

"Baba," ta ce. "To wa ka ba wa 'yata?"